Wai me ake nufi da sikel 1:87 a wajen masu ƙera ƙananan bishiyoyi?

In kana kallon bidiyoyin mutanen nan masu haɗa ɗan ƙaramin gari ko daji a kan tebur, abin da suke kira diyorama, dole ka taɓa jin ana cewa wannan bishiyar 1:87 ce, waccan kuma 1:35. To wannan lambar ita ce sikel, kuma ma'anarta ba wuya: santimita 1 a kan tebur tana madadin santimita 87 a zahiri. Shi ke nan fa. Mutum da mota da gida da bishiya duk sai an rage su da adadi ɗaya, in ka rage mota sau 87 amma bishiyar da ke gefenta ka rage ta sau 200 to ido zai ji wani abu bai zauna ba, ko da mai kallon ya kasa faɗin mene ne.

Yawancin sikel ɗin nan daga masu harkar ƙananan jiragen ƙasa suka samo suna. 1:87 shi ake ce wa HO, 1:160 kuma N, 'yan Ingila sun fi riƙe OO wato 1:76. Masu ƙera ƙananan tankokin yaƙi da sojoji su 1:35 suka fi sani, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa. Shahararren wurin baje kolin ƙananan jiragen ƙasa da garuruwa mai suna Miniatur Wunderland da aka buɗe a Hamburg ta Jamus a 2001, shi ma a kan HO aka gina shi.

Lissafin raba tsawo ne kawai. Bishiya mai mita 20, wadda ba ta ma kai manyan na daji ba, a HO za ta kai kusan santimita 23, a N santimita 12.5, a 1:35 kuwa ta haura santimita 57, fiye da rabin mita ke nan a kan tebur! A nan ne mutane da yawa suke ja da baya, sai su sayi 'yan bishiyoyin leda masu santimita 7 ko 8 su jera a gefen gida, alhali a HO wannan bai wuce bishiya mai mita 6 ko 7 ba. Shi ya sa za ka ga gari an yi shi tsaf amma bishiyoyin kamar burushin wanke kwalba aka soke a ƙasa. Ni dai a ganina rage tsawon kaɗan ba laifi ba ne saboda wuri, amma a raba shi uku ya zama wasan yara.

Kuma ba tsawo kaɗai sikel yake hukuntawa ba, har ganye. Ganye mai santimita 8 a HO bai cika milimita 1 ba, don haka ba wanda zai zauna yanka shi ɗaya bayan ɗaya, soso ake niƙawa a rina shi kore a barbaɗa a kan rassan bayan an fesa gam, irin wanda kamfanonin Woodland Scenics da Noch suke sayarwa ke nan. Amma a 1:35 wannan ganyen ya wuce milimita 2, ido yana ganin siffarsa, in ka barbaɗa soso sai ya fito dunƙule-dunƙule, dole ka koma ganyen takarda da aka yanka da injin leza ko wanda aka huda daga busasshen ganye na gaske.

Gangar jiki da rassa su ne inda na fi jin daɗin abin. Ana ɗaukar siraran wayoyin jan ƙarfe masu yawa, irin na cikin kebul ɗin lantarki, a murɗe su tare su zama ganga, sai a raba damin biyu ko uku a murɗe kowanne ya zama reshe, a sake rabawa a sake murɗewa har a ƙare da waya ɗaiɗai a can ƙarshe. Abin burgewa shi ne wannan ya dace da abin da Leonardo da Vinci ya lura da shi tun tuni, cewa in ka haɗa kaurin rassan da suka rabu za su yi daidai da kaurin inda suka fito, kai da ba ka ƙara waya ba kuma ba ka rage ba ka bi ƙa'idar ba tare da lissafi ba. Daga nan sai a shafe murɗin da farin gam na katako da aka cakuɗa da garin katako ko filasta don ya yi kaushi irin na ɓawo. Wajen fenti kuma kar ka ruga ga ruwan ƙasa, je ka kalli bishiya da kyau, yawancin ɓawo ya fi kusa da ruwan toka, ganyen ma kore biyu ko uku ake haɗawa, mai duhu a ciki mai haske a sama inda rana take bugawa.

Akwai wuri ɗaya da ƙwararru suke karya dokar da gangan: su sa bishiyoyin HO a gaba, na N a can baya kusa da bango, sai ido ya ɗauka nisa ne ya ƙanƙantar da su. Yana aiki sosai matuƙar ta gaba ake kallo, ka leƙa ta gefe asiri ya tonu.

In lissafi yana ba ka ciwon kai, ajiye ɗan mutum-mutumi na sikel ɗinka kusa da kai lokacin murɗa waya. A HO mutum mai mita 1.75 santimita 2 ne, a 1:35 santimita 5. Bishiya mai mita 20 ya kamata ta ninka shi sau 11 da ɗoriya.