Ƙwalamar kare ta gida: abin da za a sa da abin da za a kiyaye

Masu kiwon karnuka, idan zafi ya kankama ku dubi karenku da rana tsaka: ya miƙe a inuwa, harshe a waje, yana ta haki. Kare ba ya gumi kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da hakin nan yake rage zafin jikinsa. A irin wannan lokaci kankana ta fi masa komai daɗi, domin kusan kashi 92 cikin 100 nata ruwa ne. A fere ɓawon, a tsince 'ya'yan, a markaɗa, a zuba a mazubin ƙanƙara ta daskare. Ku ba shi ƙwaya ɗaya ku ga yadda zai danne ta da ƙafafun gaba yana lasa.

Da sanyi kuwa, kabewa da dankali mai zaƙi. Dafaffiyar kabewa, ba gishiri ba sukari, a kwaɓa da ƙwai ɗaya da garin alkama, a gasa har ta bushe ƙayau. Dankalin a yanka shi sirara, a bar shi a wuta kaɗan awa 2 zuwa 3. Shi ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne lokutan bukukuwa, sa'ad da ɗakin girki ya cika kuma kowa ke jefa wa kare abin da ke hannunsa. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, kuma sau da yawa sai bayan kwanaki za a ga ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari. Inabi da zabibi na iya kashe masa ƙoda ko da 'yan ƙwayoyi ne. Cakulan na da sinadarin tiyobromin da jikin kare ke daɗewa bai fitar ba, baƙin cakulan ya fi muni. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji. Wanda mutane ba su cika sani ba shi ne zailitol, wani abin zaƙi da ake sawa a cingam da wasu kwalaben markaɗaɗɗiyar gyaɗa: cikin ƙasa da awa ɗaya yana iya faɗar da sukarin jinin kare, ya kuma taɓa hanta. Don Allah a karanta jikin kwalba kafin a ɗiba.

Ƙwalama kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini; na ga karnukan da ƙauna ta sa suka yi teɓa har tafiya ta gagare su. Ta gida ba ta da maganin hana lalacewa, don haka a ajiye a firji, a ƙarar cikin mako guda, wadda ta yi fumfuna a zubar inda ba zai tono ba. In kuma kun ga ya haɗiye ɗaya daga cikin abubuwan can, kada ku jira amai ko kasala, ku kira likitan dabbobi nan take, ku gaya masa abin da ya ci, yawansa, da ƙarfe nawa.