Gwanjon Bindigogin Soja a Amurka: Yadda Doka ta Mayar da Makamin Yaƙi Kayan Tarihi

A shekarun 2000, mutum a Amurka yana iya shiga shagon kayan farauta da dala 100 ya fito da bindigar yaƙi ta Rasha, har da canji a aljihunsa. Sunanta Mosin-Nagant. An fara ƙera ta a 1891, kuma irinta sojojin Tarayyar Sobiyet suka riƙe a yaƙin Stalingrad. Sau da yawa har gyara ake yi wa mai saye, a haɗo masa da wuƙar da ake ɗaurawa a bakinta, da igiyar ratayawa, da ɗan gwangwanin mai. In ya kai ta gida aiki ya same shi, domin tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka dulmiya ta cikin wani man giris mai kauri don kada ta yi tsatsa, aka jera a akwatunan katako. Sai ya yi kwanaki yana goge ta da tsumma, yana shanya ƙotar a rana, man yana tsattsafowa daga katakon kamar gumi. Idan ƙarfen ya fito fes sai tambura su bayyana: guduma da lauje, shekarar ƙira, da kibiya a cikin alwatika in a masana'antar Izhevsk aka yi ta, ko tauraro in ta Tula ce.

Wannan araha ba daga rashin inganci ta zo ba. Ƙasashe ne suka ƙera miliyoyi, yaƙi ya wuce, sojojinsu suka koma wa sababbin makamai, rumbuna suka cika da abin da ajiyarsa ma kuɗi take ci. Amma ko wannan gwanjo zai kai hannun farar hula a Amurka, da kuma nawa zai biya, magana ce ta doka. Kuma dokar ta sha juyi.

Kafin 1968 kusan ƙofa a buɗe take. Ana ganin talla a mujalla, a cike takarda, a aika kuɗi ta gidan waya, bindiga ta iso. Haka Lee Harvey Oswald ya yi a watan Maris na 1963. Ya yi amfani da sunan bogi, ya sayi tsohuwar bindigar sojan Italiya mai suna Carcano daga wani shago a Chicago, a kan dala 19.95 har da madubin hangen nesa. Da ita aka harbe Shugaba John Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamba na wannan shekarar. Abin mamakin shi ne, Kennedy da kansa, lokacin yana sanata a 1958, ya kai ƙudurin hana shigo da rarar makaman soja daga waje, ƙudurin bai wuce ba. Jiharsa ta Massachusetts tana da masana'antun bindiga, kuma gwanjon Turai yana karya masu kasuwa. Wato tun asali akwai tsoron kisa a cikin maganar, akwai kuma kishin kasuwa.

Sai da aka kashe Martin Luther King a Afrilun 1968 da Robert Kennedy a Yuni, sannan majalisa ta zartar da Dokar Kula da Bindigogi, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a watan Oktoba. Dokar ta hana aika wa mutum bindiga kai tsaye daga wata jiha, sai dai ta bi ta hannun dila mai lasisi. Ta kuma toshe shigo da rarar bindigogin soja, ta ce wadda za a shigo da ita sai ta dace da farauta ko wasan harbi. Shekara 16 famfon yana rufe. A 1984 Sanata Bob Dole ya shigar da gyara a cikin wata dokar ciniki da kuɗin fito, wanda ya ba da damar shigo da su muddin an lissafa su cikin kayan tarihi. Bayan 'yan shekaru Tarayyar Sobiyet ta wargaje, ƙasashen Gabashin Turai suna neman dala ido rufe, sai akwatuna suka fara kwararowa.

To mece ce bindigar tarihi a idon doka? A nan ne abin yake da daɗin dubawa. Hukumar ATF, wadda ke kula da harkar barasa, taba, bindigogi da abubuwan fashewa, tana karɓar bindiga a wannan rukuni idan ta kai shekara 50 da ƙerawa, ban da kwaikwayo da aka yi daga baya. Tana kuma karɓa idan shugaban wani gidan tarihi na gwamnati mai baje kolin bindigogi ya ba da shaida cewa ta cancanci ajiya, ko kuma idan darajarta ta samo asali ne daga ƙarancinta, ko baƙuwar ƙirarta, ko alaƙarta da wani mutum ko zamani na tarihi. Sharaɗin shekara 50 ɗin tafiya yake yi da kalanda. Bindigar da aka ƙera a 1970 ta shiga sahu a 2020 ba tare da kowa ya sa hannu a wata takarda ba.

Akwai tarko a ciki. Dole bindigar ta kasance a siffarta ta asali. Mafarauta da yawa sun saba yanke ƙotar katakon don ta yi sauƙin ɗauka a daji, ko su sauya ta da ta roba. Wanda ya yi haka ya fitar da ita daga rukunin tarihi, ta koma bindiga kamar kowace, kuma masu tara irin waɗannan kaya ba sa ko kallonta. Ya kashe kuɗi ya rage wa kayansa daraja, an yi ba a yi ba.

Wanda yake son tarawa yana iya neman lasisin masu tara bindigogin tarihi, wanda ake kira C&R. Dala 30 ne na shekara uku. Sai ya kai shekara 21, ba ya cikin waɗanda doka ta hana riƙe makami, kamar wanda aka taɓa samu da babban laifi, kuma sai ya aika wa shugaban 'yan sandan yankinsa kwafin takardar nema. In ya samu, ana iya aiko masa da bindigar tarihi daga wata jiha har ƙofar gida, abin da aka hana marasa lasisi tun 1968. A madadin haka zai riƙe littafi yana rubuta kowace da ta shigo hannunsa da kowace da ta fita, daga wa, zuwa ga wa, yaushe. Hukuma na iya duba littafin sau ɗaya a shekara. Lasisin na tarawa ne kawai. Wanda ya mayar da shi hanyar saye da sayarwa don riba ya zama dila marar lasisi, wannan kuwa laifi ne na tarayya. Ba ya kuma ɗauke dokar jiha, domin jihohi irin su Kalifoniya da New York suna da nasu ƙarin sharuɗɗa. Bindiga mai aman wuta kuwa, wato mai sarrafa kanta, ko ta shekara 80 tana nan ƙarƙashin wata tsattsaurar dokar tarayya ta 1934. Waɗanda aka ƙera a 1898 ko kafin nan su ne dokar tarayya ba ta ma ƙirga su a matsayin bindiga ba.

A ganina sunan "kayan tarihi" yana ɗan rufe ido. Harsashin Mosin na yau daidai yake da na 1943, kuma ba ya tambayar shekarun bindigar da ya fito daga cikinta. Hujjar masu goyon baya ita ce, doguwar bindiga mai nauyi, wadda sai an ɗana ta da hannu bayan kowane harbi, ba ita ɗan fashi yake nema ba, kuma akasarin kisan da ake yi da bindiga a Amurka da ƙananan bindigogin hannu ake yi. Hujja ce mai ƙarfi, amma Carcano ma irin wannan ce.

Duk da haka ba wuya a gane abin da ke jan mutane. Masu sayen bindigar K31 ta sojan Suwizalan abu na farko da suke yi shi ne kwance ƙarfen gindin ƙota, domin sau da yawa akwai 'yar takarda a ƙarƙashi mai ɗauke da sunan sojan da aka ba wa bindigar, da shekarar haihuwarsa, da garinsu. Wasu har wasiƙa suke rubutawa ko za su dace da tsohon ko jikokinsa.

Gwamnatin Amurka ita ma tana sayar da nata. Tun 1903 aka kafa shirin koya wa farar hula harbi, soja suka riƙe shi har 1996, sannan majalisa ta miƙa shi ga wata hukuma mai zaman kanta da ake kira CMP, mai cibiya a Anniston ta jihar Alabama. Ita ke sayar da M1 Garand, bindigar sojan Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin Koriya. Mai saye sai ya zama ɗan ƙasa, ɗan wata ƙungiyar harbi mai rajista da hukumar, ya nuna shaidar ya san makami, sannan a bincika tarihinsa.

Yanzu kasuwar ta ja baya, kuma a nan ma siyasa ce. A 1994 Shugaba Clinton ya hana shigo da akasarin bindigogi da harsasai daga Sin, bindigar soja ta SKS mai araha da ake kawowa daga can ta ƙare. A 1996 aka ƙulla yarjejeniya da Rasha da ta taƙaita irin waɗanda za a kawo daga can. A 2013 gwamnatin Obama ta hana 'yan kasuwa dawo da makaman da Amurka ta taɓa bai wa ƙawayenta, a 2021 kuma aka daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha. Rumbunan ma ba sa sake cika, domin bindigogin da sojoji suka koma wa bayan wancan zamani, irin su AK-47 da M16, masu aman wuta ne, ba a sayar wa farar hula da su gwanjo. Mosin ɗin dala 100 yau ɗaruruwan daloli ce.

Ɗaya daga cikin bindigogin da ake tarawa a can ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Lee-Enfield ta Ingila, mai harsashi .303, ita kakanninmu suka rataya zuwa yaƙin Bama, kuma 'yan sandan Nijeriya sun daɗe suna riƙe da ita. Sai dai Dokar Bindigogi ta 1959 ba ta san wani rukuni na tarihi ba. Bindigar toka izinin kwamishinan 'yan sanda take buƙata, ta farauta ta zamani kuma na Sufeto Janar. Bindigar soja mai harsashi .303 ko 7.62 tana cikin haramtattu, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu. Ko a ƙarƙashin gadon kaka aka tsince ta da tsatsarta, wanda aka kama da ita ba lasisi yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.