Wane ne "akissa'in tagziya", kuma me zai yi wa yaron da ke karatu a gida?

Wata maƙwabciyata a Shara Mansur, nan Makka, ta dawo daga asibiti da takarda a hannu, ko abayarta ba ta cire ba ta leƙo wurina. "Yaya, wai likita ya ce in kai Auta wurin akissa'in tagziya. Shi kuma wannan likitan mene ne?" Autan nata shekararsa tara, a gida yake karatu: da hantsi malami ya zo masa hadda, da yamma kuma darasi ta kwamfuta.

Kalmar Larabci ce. Akissa'i na nufin ƙwararre, tagziya kuma ciyarwa. A asibitocin Saudiyya za ka ga an ƙara "ilajiyya" a ƙarshe, wato ciyarwar da ta shafi jinya. Mutanenmu kan ce likitan abinci, sunan ya bi baki, sai dai mutumin ba likita ba ne. Ba shi ke gano cuta ba, ba kuma ya rubuta magani. Likita ya faɗi abin da ke damun yaro, shi kuma ya mayar da wannan bayani zuwa abin da za a zuba a kwano. Ana karantar fannin a jami'o'i irin su Ummul Ƙura a Makka, da ta Sarki Abdul'aziz a Jidda, da ta Sarki Sa'ud a Riyad, kuma kafin mutum ya taɓa majinyaci sai ya yi rajista da hukumar kula da ƙwararrun lafiya ta ƙasar, wadda aka kafa a 1992. Wannan rajistar ce ta raba shi da masu tallan shayin rage ƙiba a Snapchat da TikTok. Don haka tambayar farko ita ce: ina shaidarka ta hukuma? Babu kunya a ciki.

To me ya haɗa karatun gida da wannan? Makaranta, duk da abin da ake faɗa a kanta, tana yi wa cikin yaro iyaka. Dole ya tashi da wuri, ya karya, ya jira ƙararrawar tara kafin ya sake sa wani abu a baki, ya yi guje-guje a fili, rana ta taɓa shi. Wanda ke gida kuwa taku biyar ne tsakaninsa da firji. Ga kuma ɗabi'ar ƙasar nan ta raba dare, a ci abinci ƙarfe ɗaya, a kwanta bayan asuba. Yaro sai ya wuni cikin sanyin na'ura, labule a sauke. Shi ya sa ƙarancin bitamin D, wanda jiki ke samu ta hasken rana, ya yi yawa a ƙasar da rana ke narka kwalta, abin kamar almara. Hukumar Lafiya ta Duniya na son yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu motsa jiki na minti 60 kullum. Auta, in an cire hawa bene, ko goma ba ya yi.

Ranar da suka je, matar da ta gan su ta auna nauyinsa da tsawonsa, ta ɗora a jadawalin girman yara, ta duba sakamakon jinin da likita ya turo. Sannan ta ce a rubuto mata duk abin da ya ci na kwana uku, har da abin da ya tsinta a tsaye. Na ga takardar. Burodin tamis da shayin madara ƙarfe goma sha ɗaya. Taliyar leda da azahar. Lemon gwangwani biyu. Kaza soyayya ta kanti da dare. Tuwo miyar kuka sau ɗaya, shi ma loma huɗu ya yi ya ture. Uwar da kanta ta ce ba ta san haka abin yake ba sai da ta gan shi a rubuce.

Gwangwanin lemo mai mililita 330 na ɗauke da sukari kusan giram 35, wato wajen ƙaramin cokali tara. Gwamnatin Saudiyya ta ɗora wa irin waɗannan lemuka harajin kashi 50 cikin ɗari a 2017, daga 2019 kuma aka tilasta wa gidajen abinci rubuta yawan kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, a jikin jerin abincinsu, amma yaro ba ya karanta wannan. Abin da ya fi ba maƙwabciyata mamaki shi ne shayi: shan sa tare da abinci na rage yadda jiki ke zuƙar sinadarin ƙarfe, mai gina jini. Aka ce ta raba su da awa guda. A nan zan ɗan tsaya, domin mu sikila ba baƙuwarmu ba ce. Kada a ga yaro ya yi fari a ruga kantin magani a sayo maganin ƙarin jini. Ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ƙarfe ba, sai gwaji ya nuna.

A ganina ba kowane yaro ke buƙatar a riƙa jigilar sa wurin wannan ƙwararre ba. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin, wanda sai an koya wa iyayensa lissafin shinkafa da burodi, da wanda alkama ke ɓata wa hanji, da wanda girmansa ya tsaya ko ƙiba ta yi masa yawa, su kam zama ne na dogon lokaci. Saura zuwa ɗaya ko biyu ya wadatar. Kuma ba ɗaukar sa ake yi ya tare a gida kamar direba ba, ranar ganawa ake karɓa, wani lokaci ma ta waya.

Wani abu da za a shirya masa: yawancinsu kabsa da jarish suka sani, ba su san girkinmu ba. Maƙwabciyata sai da ta koma da garin kuka da busasshen zogale a ƙulle a leda, ta kwance a kan tebur. Matar ta shinshina, ta tambayi yadda ake kaɗawa da yawan man da ake zubawa, sannan ta ɗauki biro ta sa miyar kuka sau uku a jadawalin mako, ta soke lemon rana.