Abincin Tsirrai Zalla a Girkin Gida: Kabewa, Hatsi da Gasasshen Kayan Lambu

Abincin tsirrai zalla shi ne wanda aka haɗa da abin da ƙasa ta tsirar kaɗai, wato hatsi da wake da ganye da saiwa da 'ya'yan itatuwa da man da ake tatsa daga gare su, ba tare da nama ko kifi ko ƙwai ko nono ko man shanu ko zuma ba. Turawa suna kiran mai bin wannan tsari bigan, kalmar da Donald Watson ya ƙirƙiro a Ingila a shekarar 1944, lokacin da shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Vegan Society. Masu binsa a can suna kafa hujja da tausayin dabbobi, ko kiwon lafiya, ko kare muhalli. A jihohin Kebbi da Zamfara, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne, nama halal ne kuma layya ibada ce, saboda haka ba a ɗauki barin nama a matsayin aƙida ba. Amma wanda ya leƙa tukunyar yau da kullum a Gummi ko Bunza zai tarar cewa galibin abin da ake ci daga tsirrai ya fito, domin tsadar nama da kuma sabo sun daɗe da koya wa mata yadda ake fitar da ɗanɗano ba tare da shi ba.

Kabewa

Kabewa, wadda ake kira kabushi a wasu wurare, tana cikin dangin da masana tsirrai suke kira Cucurbita. Asalinta nahiyar Amurka ne, kuma 'ya'yanta da aka tono a wani kogo a yankin Oaxaca na ƙasar Meziko sun nuna an fara nomanta kimanin shekaru 10,000 da suka wuce. Ba ta iso Afirka ba sai bayan ƙarni na 15, a zamanin da masara da gyaɗa da rogo da barkono su ma suka tsallako teku, amma ta zauna a ƙasar Hausa har ba mai yi mata kallon baƙuwa. Ana shuka ta da damina a bayan gida ko a gefen gona, ta yaɗu ta hau danni ko rufin rumbu. Babbar falalarta ita ce jimiri: muddin ba a yanka ta ba, kuma ba ta ƙuje ba, tana iya yin watanni a inuwa, shi ya sa ake samun ta a kasuwa tsakiyar rani ana sayarwa yanka-yanka.

Girkin da ya fi fito da martabarta shi ne miyar taushe. Ana feraye kabewar a dafa ta har ta yi lugub, a dame ta ta narke, a haɗa da niƙaƙƙen tattasai da attarugu da albasa, a zuba daddawa da dakakkiyar gyaɗa, sannan a ƙarshe a watsa alayyafo da ɗan yakuwa, wadda mutanen yammacin ƙasar Hausa suke kira sure, don tsaminta ya karya zaƙin kabewar. An saba jefa ƙashi ko tantaƙwashi a ciki, sai dai kaurin miyar daga kabewa da gyaɗa yake zuwa, don haka idan aka cire naman ba ta tsinkewa. Abokan tafiyarta su ne tuwon shinkafa da waina da sinasir.

Hatsi da wake

Gero da dawa ne ginshiƙin abinci a tudu, shinkafa kuma a fadama. Gero ɗan asalin yankin Sahel ne, an fara nomansa fiye da shekaru 4,000 da suka wuce, kuma yana jure ƙarancin ruwa fiye da masara. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware shekarar 2023 domin jawo hankali gare shi da danginsa. Kebbi, wadda aka ƙirƙira a 1991, ta yi fice da shinkafar fadamun Argungu da Suru da Bagudo da Yawuri, har a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamban 2015. A Zamfara, wadda aka cire daga Sakkwato a 1996, madatsar ruwa ta Bakolori da ke kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978, ita ce ke riƙe da noman rani na shinkafa da kayan lambu a wannan yanki. Albasa kuwa, sunan Aliero ya riga ya zagaya kasuwannin ƙasar nan saboda ita.

Daga waɗannan ake samun jerin abinci da ba su buƙatar a canza musu komai kafin su shiga wannan rukuni: tuwon dawa da miyar kuka da aka yi da daddawa da manja, ɗanwake da man gyaɗa da yaji, shinkafa da wake, dambu da zogale, ƙosai da koko, kunun gyaɗa, da kwaɗon rama ko tafasa, wanda ake ce wa datu a wannan shiyya. Hoce, wanda ake tsokanar Zamfarawa da shi, gasasshen ƙullin dawa ne da ake marmasawa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da mai. Awara ta waken suya ta shigo daga baya, ta kuma samu karɓuwa da sauri musamman a wajen yara da ɗalibai.

Haɗa hatsi da wake ba tsari ne na cika ciki kawai ba. Furotin ɗin hatsi, wato sinadarinsa mai gina jiki, yana da ƙarancin wani sinadari mai suna laisin, wanda wake ke da shi a wadace, shi kuma hatsi yana cike abin da waken ya gaza a kai. Manomin da ke shuka wake a tsakanin kunyoyin gero yana yin irin wannan haɗi tun daga gona, domin saiwar wake tana ƙara wa ƙasa taki.

Gashi

Gasa abinci ba sabon abu ba ne. Yara sun san tumu, wato sabon zangarniyar gero da ake babbakawa a murje a ci, sun san gasasshiyar masara da dankalin da ake turbuɗawa a toka mai zafi. Abin da ya zo daga girkin ƙasashen waje shi ne a gasa kayan lambu iri-iri tare, a ɗora su a kan hatsi a matsayin cimar kanta, maimakon a narkar da su cikin miya.

Dalilin bambancin ɗanɗanon yana cikin zafi. Ruwa ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas idan yana tafasa, alhali canjin da ke sa bayan abinci ya yi ja ya fitar da ƙamshi, wanda masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, yana kankama ne a wajajen digiri 140. Shi ya sa dafaffiyar kabewa take da laushi da lami, gasasshiya kuwa ruwanta ya ragu, zaƙinta ya tattaru, gefenta ya soyu. A obin, wato tanderun gashi na zamani, ana yanka kabewa da dankali da karas da gauta da albasa gwargwadon girman goro, a murza su da man gyaɗa da gishiri da citta da tafarnuwa, a baza su a faranti, a gasa a zafin digiri 200 na kimanin rabin awa, ana juyawa sau ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne cunkusa su. Idan suka hau juna, tururinsu ne zai dafa su, sai a tashi da abin da ba gashi ba ba dahuwa ba. Tattasai da tumatir ba su kai kabewa tauri ba, don haka daga baya ake saka su.

Yawancin gidaje ba su da obin, kuma ba lallai ne sai da shi ba. Ragar waya a kan garwashin da ya daina ci da wuta tana wadatarwa, haka ma kaskon ƙarfe mai kauri, ko tukunya da aka zuba wa yashi a ƙasa aka ɗora faranti aka rufe. A kan garwashi ya fi kyau a yanka kabewar fale-fale da ɓawonta, domin shi ke riƙe ta kada ta zube. Yajin ƙuli, irin na masu tsire, ya dace da ita ƙwarai. 'Ya'yanta ma ba abin zubarwa ba ne, ana wanke su a shanya a soya a kasko.

Inda kayan dabba ke ɓuya

Mai girka wa baƙon da ke bin wannan tsari sai ya lura da ƙananan abubuwa. Man shanun da ake ɗiga wa tuwo, nonon da ake dama fura da shi, ƙwan da wasu ke fasawa a ƙullin alala, da wasu nau'o'in dunƙule masu ɗanɗanon kaza ko naman sa, duk suna fitar da abinci daga rukunin. A garuruwan bakin gulbi kamar Argungu da Yawuri, busasshen kifi yana shiga miya ba tare da an lissafa shi a matsayin nama ba, har uwargida ta ce miyarta lami ce alhali da kifi a ciki. Daddawar kalwa ko ta batso ita ce ke maye gurbin wannan ɗanɗano.

Ta fuskar lafiya

Launin ruwan lemo na kabewa da karas alama ce ta sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, kuma jiki ya fi tsotsarsa idan da maiƙo a abincin. Sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, na wake da ganye bai kai na nama saurin shiga jini ba. Tumatir ko lemon tsami suna taimaka masa, shayi a kan abinci kuma yana rage shi. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da gubar aflatoksin mai illa ga hanta, don haka tsince su wajibi ne. Babban giɓin shi ne bitamin B12, wanda tsirrai ba sa samar da shi yadda za a dogara da su. Wanda ke shan fura da nono ko yake cin kifi jefi-jefi yana samun wani abu daga ciki, amma wanda ya yanke duk abin da ya fito daga dabba yana buƙatar ƙwayar bitamin ɗin, musamman mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara, domin rashinsa yana jawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi.