Harafin K: Asalinsa da Ma'anoninsa

K, wanda ƙaraminsa ake rubutawa k, shi ne harafi na 11 a jerin haruffan Latin 26. A rubutun boko na Hausa baƙi ne, kuma shi ke wakiltar sautin farko na kalmomin kifi, kuɗi da Kano. Bayan aikinsa na gina kalma, yakan tsaya shi kaɗai a matsayin alama a fannin kimiyya, awo, kasuwanci da likitanci. Abin da yake nufi ya danganta ne da inda aka same shi, da kuma ko babba ne ko ƙarami.

Asali

Harafin ya samo asali daga rubutun Finikiyawa, mutanen gaɓar tekun Bahar Rum a wajajen Labanan ta yau, waɗanda suke kiransa kaf, wato tafin hannu. Girkawa suka are shi suka kira shi kappa, daga nan ya bi ta Italiya ya isa ga Romawa. Su Romawa ba su damu da shi ba, domin C ya riga ya kama masa aiki. Sun bar shi ne a 'yan kalmomi kaɗan, kamar Kalendae, ranar farko ta wata, inda kalmar kalanda ta samo tushe. Shi ya sa har yau K bai cika fitowa a Faransanci, Sifaniyanci da Italiyanci ba sai a kalmomin aro.

Kaf ɗin Larabci ɗan'uwansa ne na jini, kakansu ɗaya. Shi ne almajiri ke kira kaulasan sa'ad da yake koyon babbaƙu a makarantar allo, kuma da shi ake rubuta sautin k a ajami. A lissafin abjadi, wanda malamai ke amfani da shi wajen sa ramzin shekara a ƙarshen waƙa, ƙimarsa 20 ce. Kappa ma 20 ne a ƙidayar Girkawa.

K da Ƙ

A Hausa K yana da maƙwabci mai lanƙwasa, Ƙ, wanda harafi ne mai cin gashin kansa, ba ado aka yi wa K ba. A farkon rubutun boko ɗigo ake sa wa a ƙarƙashin k, ko a bi shi da 'yar waƙafi a sama, kafin a tsayar da haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930. Bambancin ba ƙarami ba ne: kaya daban, ƙaya daban; kura dabba ce, ƙura kuwa iska ke tayar da ita; baki na cin abinci ne, baƙi kuma launi ne ko mutanen da suka zo daga nesa. Yawancin masu rubutu a waya sukan yar da lanƙwasar saboda gaggawa, alhali manhajojin rubutu na yanzu suna ɗauke da ita. Wannan sakaci ne da ke cutar da mai koyon karatu, wanda ba shi da gogewar da zai cinko ma'ana daga zubin jimla.

Kwabo da dubu

Ranar 1 ga Janairun 1973 Najeriya ta bar fam da sule ta koma naira, wadda aka raba kwabo 100, ƙaramin k kuma ya zama alamar kwabo. Wanda ya duba tsohon rasit ko littafin ajiyar banki zai ga gida biyu a gefen dama, ɗaya da N a kansa, ɗaya da K. A lokacin, 50k rabin naira ne.

Yau idan mai sayar da atamfa ta rubuta 50k a ƙarƙashin hoton kayanta a WhatsApp, naira 50,000 take nufi, wato ninki 100,000 na ma'anar farko. Wannan k ɗin na biyu ba shi da alaƙa da kwabo. Daga kilo ya fito, kalmar da Faransawa suka ɗauko daga Girkanci mai nufin dubu, suka shigar da ita tsarin awonsu a 1795. Shi ne a kg, km da kW, da kuma kHz da masu sauraron rediyo a gajeren zango suka saba ji. Ƙa'idar awo ta duniya ta ce ƙarami za a rubuta shi, don haka Kg da KM da ake gani a allunan shaguna kuskure ne, ko da yake kowa na ganewa. A harkar kwamfuta an daɗe ana amfani da K ɗin KB, ma'aunin girman fayil, da nufin 1,024 maimakon 1,000, ruɗanin da ya sa a 1998 aka ƙirƙiro Ki don ma'anar 1,024. Talabijin mai 4K kuwa ɗigon hotonsa a faɗi ya kusa 4,000, yawanci 3,840. Saboda tagwayen ma'anar k a harkar kuɗi, kwabo da dubu, a takardar yarjejeniya ko ta bashi ya fi dacewa a rubuta adadin kuɗi cikakke, da lambobi da kalmomi.

A wasu ƙasashe babban K alamar kuɗinsu ce kai tsaye: kwacha a Zambiya, kyat a Myanmar, kina a Papua New Guinea.

A kimiyya

Babban K shi ne alamar sinadarin fotashiyam, mai lamba 19 a jadawalin sinadarai, wanda Humphry Davy ya fara warewa a Ingila a 1807. Alamar ta fito daga sunansa na Latin, kalium, wanda ke komawa ga kalmar Larabci mai nufin tokar tsirrai. Ruwan tokar da ake tacewa don miya yana ɗauke da shi, amma kanwa, duk da sau da yawa ana haɗa su suna, mafi yawanta sodiyam ce. Manomi ya fi kowa cin karo da wannan K, a jikin buhun takin kamfa mai rubutun NPK 15-15-15. Lamba ta uku ita ce rabon fotash, mai ɗauke da fotashiyam, wato kashi 15 cikin ɗari, kilo 7.5 ke nan a buhu mai kilo 50, kuma shi ke ƙarfafa kara, ya taimaki shuka ta jure cuta da ƙarancin ruwa. A ƙasan buhun an rubuta 50kg: harafi ɗaya, aiki biyu, a fatar buhu ɗaya.

K kuma shi ne kelbin, ma'aunin zafi da aka sa wa sunan Lord Kelvin, wanda ya kawo tsarin a 1848. Sifilinsa ya yi daidai da digiri 273.15 ƙasa da sifilin Salshiyas, iyakar sanyin da babu na ƙasa da shi, kuma tun 1967 ba a sa masa alamar digiri. Mai sayen ƙwan lantarki yana iya ganinsa a jikin kwali: 2700K haske ne mai ɗan rawaya, 6500K kuwa fari fat. Ƙaramin k a lissafin kimiyyar zafi lambar Boltzmann ce, wadda ke danganta zafi da makamashi.

Bitamin K shi ke taimaka wa jini ya daskare idan an ji rauni. Henrik Dam, ɗan ƙasar Denmak, ya gano shi a binciken da ya fara a 1929, aka sa masa K daga kalmar Jamusanci ta daskarewar jini, kuma ya raba kyautar Nobel ta 1943 da Edward Doisy. Ana samunsa a ganye irin su alayyahu da kabeji, ana kuma yi wa jarirai allurarsa da zarar an haife su, domin suna zuwa duniya da ƙarancinsa.

Zinariya da sauransu

A jikin sarƙa ko awarwaro, K karat ne, ma'aunin tsarkin gwal bisa kashi 24. Tsantsa shi ne 24K, amma ya cika laushi. Mai 21K kashi 87.5 cikin ɗari ne, shi ya sa wani lokaci 875 ake bugawa a madadinsa. 18K kuwa 750. Tambarin shi kaɗai ba hujja ba ne, gwajin maƙeri ne ke tabbatarwa.

A ɗab'i, K na CMYK, tsarin launukan tawada huɗu, baƙar tawada ce. K2, dutse na biyu a tsawo a duniya mai mita 8,611, ya samu sunansa a 1856 daga masu safiyo da suka jera ƙololuwan tsaunukan Karakoram na Asiya da lamba. A Amurka, tashoshin rediyo da ke yamma da kogin Mississippi galibi da K lambar kiransu ke farawa. Jihohin Najeriya shida ne sunansu ya fara da shi: Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi, Kogi da Kwara, kuma har yanzu ana taƙaita ukun farko da KN, KD da KT. A saƙon waya, k shi kaɗai guntun OK ne, sai dai da yawa na ɗaukarsa amsar ko-in-kula, don haka ba a tura wa babba.