In jirgin ruwa ya yi hatsari a teku, me mai bincike yake nema?

Toh jama'a akwai wata doka ta IMO, hukumar kula da sufurin teku ta duniya, an amince da ita a 2008 ta fara aiki 1 ga Janairun 2010, kuma tunda an cusa ta cikin yarjejeniyar SOLAS ta kare rayuka a teku, ba wai in ka ga dama bane. Cewa ta yi in aka yi mummunan hatsari, wato an rasa rai, ko jirgin ya salwanta gaba ɗaya, ko an yi wa muhalli babbar ɓarna, dole ƙasar da jirgin yake ɗauke da tutarta ta yi bincike ta miƙa wa IMO rahoto.

Abin da ya fi burge ni shi ne dokar ta ce wannan binciken ba na neman mai laifi bane, ba kuma na wa zai biya diyya ba, wancan aikin kotu ne da 'yan inshora. Shi dai ya gano me ya jawo don kar a sake. Shi ya sa ba kowane tsohon kyaftin za a ɗauko a ce je ka bincika ba, sai an horar da shi, har kwas IMO ta tsara. Zai koyi sauraron na'urar VDR mai naɗar maganganun ɗakin tuƙi da bayanan rada, ya duba awa nawa ma'aikaci ya yi barci kafin abin ya faru, sannan uwa uba ya iya zama da mutumin da jiya-jiya ya ga gawar abokin aikinsa, jikinsa na rawa yana tsoron ɗauri, ya lallaɓa shi ya faɗi gaskiya. Dokar ma ta ce a sanar da ma'aikacin dalilin binciken, a bar shi ya nemi shawarar lauya.

Ku duba Herald of Free Enterprise, jirgin ruwa mai ɗaukar fasinjoji da motoci, da ya kife a Zeebrugge ta Beljiyam 6 ga Maris 1987, mutum 193 suka mutu, ya tashi ƙofofin gaba a buɗe saboda mai rufewa barci ya kwashe shi. Da mai neman laifi ne an gama kenan, a kama mai barci. Amma da aka tona sai ga shi kyaftin daga inda yake ba ya ganin ƙofar, ko 'yar fitilar da za ta nuna masa babu, alhali wasu kyaftin sun roƙa a saka aka yi biris da su. Bayan nan ne Birtaniya ta kafa MAIB, hukumarta ta binciken hatsarin jiragen ruwa, a 1989.

Mu a Najeriya dokar 2022 ce ta kafa hukumar bincike ta NSIB, aka haɗa mata binciken hatsarin jirgin sama da na ƙasa da na ruwa, ni dai fatana horon nan ya kai ga masu zuwa bakin kogin Neja in kwale-kwale ya kife da 'yan kasuwa.