Yadda manhajar baitulmalin kamfani ke biyan kuɗi da haɗuwa da bankuna

Me ya raba manhajar baitulmali da manhajar lissafin kamfani?

Manhajar lissafi, irin su SAP da Oracle, ita ke riƙe da littattafan kamfani: wa ake bi bashi, wa ke bin kamfanin, me aka saya, me aka sayar. Ma'aikacin baitulmali kuwa tambayarsa ta kowace safiya daban ce. Tsabar kuɗi nawa ne a hannu yanzu, a wane banki suke, da wane kuɗin ƙasa, kuma za su isa a biya abin da ke tafe a makon nan? Kamfanin da ke da rassa a ƙasashe da dama zai iya tara ɗaruruwan asusu, kowane banki da shafinsa da lambar sirrinsa. Manhajojin baitulmali, irin su Kyriba da na kamfanonin FIS da ION, su ke tattara waɗannan asusun wuri guda, su kuma zama ƙofar da duk wani biya zai bi kafin ya fita.

Ke nan manhajar ce ke tura kuɗin?

A'a. Umarni kawai take turawa. Banki ne ke cire kuɗi daga asusu, ya miƙa su ta tsarin biya na ƙasa ko ta wani bankin da yake hulɗa da shi a waje. Ko SWIFT, da aka kafa a 1973 mai hedikwata a Beljiyam, saƙo take ɗauka tsakanin cibiyoyi fiye da 11,000, ba ta riƙe kuɗin kowa.

To ta wace hanya umarnin ke isa banki?

Tsohuwar hanya, wadda har gobe ake amfani da ita, ita ce haɗin kai tsaye tsakanin kwamfutar kamfani da ta banki. Ana shirya fayil ɗauke da jerin biya, a kulle shi da lambobin sirri, a aika ta kafar da ake kira SFTP. Tana ɗaukar dubban biya a fayil guda, shi ya sa ta dace da albashi. Matsalarta kowane banki sai an gina masa nasa haɗin. Mai hulɗa da bankuna 15 zai gina haɗi 15, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ci gaba da kula da su.

Wannan wahalar ce ke kai manyan kamfanoni ga SWIFT. Kamfani ya karɓi tasa lambar shaida, wato BIC mai haruffa 8 ko 11, sai ya riƙa magana da bankunansa duka ta layi ɗaya. Amma fa layin bai ɗauke masa zaman yarjejeniya da kowane banki ba. A Jamus da Faransa da Suwizalan da Ostiriya akwai tsarin EBICS, wanda bankunan can suka amince da shi tare, ta yadda manhaja ɗaya za ta shiga bankuna da yawa.

Sabuwar hanya ita ce API, inda manhaja ke tambayar banki a ba ta amsa nan take. Maimakon a jira rahoton ƙarshen yini, ana iya duba abin da ke asusu a kowane lokaci. Ana yawan kururuta ta kamar ta gama da sauran, alhali bankuna ba su daidaita yadda suke gina ta ba. A aikace yawancin manyan kamfanoni gauraya hanyoyin suke yi.

Me ya sa ake ta maganar ISO 20022?

Saboda samun layi bai isa ba, sai an fahimci abin da ke cikin saƙon. Tsofaffin saƙonnin SWIFT masu suna MT matsattsu ne. A MT103, wato saƙon tura kuɗi, gurbin bayanin dalilin biya haruffa 140 ne kacal. Idan kamfani ya biya takardun kaya 30 a dunƙule, lambobinsu ba za su shiga ba, sai mai karɓa ya koma laluben wace takarda aka biya masa. ISO 20022, ƙa'idar duniya ta tsara saƙonnin kuɗi wadda ta fara fitowa a 2004, ya ware wa kowane bayani gurbinsa: suna, titi, gari, ƙasa, lambar takarda. A wannan tsarin, kamfani na aika umarni da saƙon da ake kira pain.001, banki ya mayar da pain.002 yana cewa ya karɓa ko ya ƙi, sannan bayanin asusu ya zo a camt.053.

A watan Nuwamban 2025 wa'adin amfani da tsofaffin saƙonnin biya tsakanin bankuna na ƙasa da ƙasa ya cika. Duk da haka kamfanoni da yawa na ci gaba da karɓar bayanin asusu a MT940, a Amurka kuma a wani tsohon tsari mai suna BAI2. Kuma ko a sabon tsarin, wani banki zai wajabta gurbin da wani bai damu da shi ba. A ganina, rumbun tsare-tsaren bankuna da mai manhaja ya riga ya gwada ya fi duk wani adon allo daraja.

Daga takardar neman biya zuwa asusun mai kaya, me ke faruwa?

Takardar na samun amincewa a manhajar lissafi, ta gangaro baitulmali. Can ake duba ko lambar asusun daidai take, ko an taɓa biyan wannan takardar, ko sunan mai karɓa na cikin jerin waɗanda aka ƙaƙaba wa takunkumi, kamar jerin hukumar OFAC ta Amurka. Sai masu izini su sa hannu, a mayar da umarnin tsarin da bankin ke so, a aika kafin lokacin rufe karɓa na ranar. Biyan ƙasa da ƙasa yana tafe da lamba mai haruffa 36, UETR, wadda ake bin sawunsa da ita daga banki zuwa banki. Idan bayanin asusu ya dawo, manhaja ta haɗa kowane biya da abin da aka cire, ta fito da waɗanda ba su dace ba don mutum ya duba.

Ina damfara ke shigowa?

Galibi ba ta layin ba, ta bakinsa. A Fabrairun 2016 ɓarayi suka kutsa kwamfutocin babban bankin Bangaladesh, suka aika umarnin bogi ta SWIFT, dala miliyan 81 suka tafi Filifin. Layin ya yi aikinsa daidai, wanda ya ba da umarnin ne ba shi da izini. Abin da kamfanoni suka fi gamuwa da shi ma bai kai wannan ƙwarewar ba: imel ya zo da sunan mai kawo kaya yana cewa ya sauya asusu, wani ma'aikaci ya gyara lambar, kuɗi su tafi. Don haka ake raba aiki, wanda ya shigar da biya ba shi ke amincewa da shi ba, kuma sauya lambar asusu na buƙatar mutum na biyu da kiran waya ta lambar da aka sani tun da. Birtaniya ta fara tsarin gwada suna da lambar asusu a 2020, ƙasashen da ke amfani da yuro suka wajabta irinsa a Oktoban 2025.

Biyan nan take ya sauya wani abu?

Ƙwarai. Tsarin SEPA na nan take a Turai yana kammala biya cikin daƙiƙa 10, Amurka kuma ta ƙaddamar da irin nata, FedNow, a Yulin 2023. Kuɗi na fita dare da rana, har ƙarshen mako, kuma dawo da su bayan sun tafi abu ne mai wuya. Duk binciken da za a yi, dole a gama shi kafin a danna.

Kowane kamfani ne ke buƙatar irin wannan manhaja?

Mai banki ɗaya ko biyu, da kuɗin ƙasa ɗaya, shafin bankinsa ya ishe shi. Alamar lokaci ya yi ita ce idan ma'aikata suka fara cinye rabin safiya suna shiga shafukan bankuna suna kwafe lambobi da hannu zuwa Excel, ko kuma aka tambayi wa ke da ikon sa hannu a wane asusu, aka rasa mai amsawa nan take.